Daga rumfar zaɓe a Makarfi zuwa ɗakin gina manhaja: wa ya san abin da ke cikin na'ura?

A ranar 12 ga Mayun 2018, masu zaɓe a Ikara, Makarfi da Kudan, kamar takwarorinsu na sassan jihar Kaduna, sun tarar da baƙon abu a rumfunan zaɓen ƙananan hukumomi: na'ura mai allon taɓawa a madadin takarda da tawada. Kaduna ce jiha ta farko a Najeriya da ta gwada hakan, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, kuma ta maimaita a Satumbar 2021. A zaɓen Oktoban 2024 an koma ga takarda.

Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne kan ko na'urar ta hana maguɗi ko ba ta hana ba. Amma akwai tambayar da ta rigayi wannan: manhajar da ke cikin kowace na'ura irin wannan, yaya aka haɗa ta, kuma da me za a tabbatar cewa abin da masana suka duba shi ne aka ɗora? Amsar tana cikin wani lungu na ilimin kwamfuta da ba kasafai ake jin labarinsa ba.

Tafinta da shugaban magina

Kwamfuta ba ta fahimtar rubutun da mai tsara manhaja ya yi da hannunsa. Sai wata manhaja ta juya shi zuwa harshen na'ura. Masana na kiran ta kwamfaila, aikinta kuwa na tafinta ne. Fitattu daga cikinsu a harshen C++ su ne GCC, Clang da MSVC na kamfanin Microsoft.

Sai dai babbar manhaja ba fayil ɗaya ba ce. Tana iya ƙunsar dubban fayiloli, tafinta kuma ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar su. Saboda haka ake buƙatar wata manhajar ta biyu, wadda matsayinta na shugaban magina ne: ita ke faɗin wanda za a fara fassarawa, wanda zai jira, da wanda za a sake idan an taɓa wani abu. Stuart Feldman ya ƙirƙiri Make a cibiyar Bell Labs ta Amurka a 1976 domin wannan aiki. A yau CMake da Ninja na cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Duk wanda ya ga ana yin mazarƙwaila a ƙauyukan Makarfi da Kudan ya san darajar jeri. Ba a dafa ruwan rake kafin a matse shi, ba a zuba shi a mazubi kafin ya yi kauri. Bambancin shi ne mai mazarƙwaila ya haddace matakansa. Shugaban magina na manhaja kuwa sai an ba shi jerin abin da ya dogara da wani, jerin kuma yana sauyawa duk lokacin da aka gyara layi ɗaya.

Inda gizo ke saƙar

Shekaru da dama, C da C++ sun tafi a kan hanya mai sauƙi. Idan fayil na buƙatar bayani daga wani, tafinta yakan kwafo rubutun ya liƙa a ciki kafin ya fassara. Kowane fayil na tsaye da ƙafarsa, ana iya fara kowanne. Bayan tafinta ya gama, sai ya bar takardar da ke lissafa abin da ya kwafo, domin amfanin gaba. Aibin hanyar shi ne ɓata lokaci: rubutu ɗaya ana iya sake karanta shi sau dubu.

Ƙa'idar C++20 ta zo da sabon tsari na ƙunshi-ƙunshi. Ana fassara ƙunshi sau ɗaya, a ajiye sakamakon, duk mai buƙata ya ɗauka. Sauri ya samu, amma sabuwar matsala ta ɓullo. Yanzu dole a gama ƙunshin kafin a taɓa fayil ɗin da ke kiran sa, wato shugaban magina na buƙatar jerin tun kafin a fara aiki. Shi kuwa ba ya iya karanta rubutun da kansa yadda ya kamata, domin wani fayil yana kiran ƙunshi ne bisa sharaɗi, misali idan ana gina shi don wata irin na'ura. Tafinta kaɗai ke iya warware irin wannan sharaɗi. Ga mai sani ba shi ke ba da umarni ba, ga mai ba da umarni bai sani ba.

Ƙari a kan haka, ƙunshin da GCC ya fassara, Clang ba zai iya karanta shi ba. Ko tafinta iri ɗaya ne, sauyin zubi na iya sa tsohon ƙunshi ya zama mara amfani.

Masu harshen Fortran sun sha fama da irin wannan tun zubin Fortran 90. Daga gogewar da suka samu a can ne injiniyoyin kamfanin Kitware, masu kula da CMake, Ben Boeckel da Brad King, suka gabatar wa kwamitin ƙa'idar C++ wata takarda mai lamba P1689. Shawarar ita ce a raba aikin uku. Da farko tafinta ya leƙa kowane fayil ba tare da fassara ba, ya rubuta abu biyu cikin fasali ɗaya da kowa ya yarda da shi: ƙunshin da fayil ɗin ke samarwa, da waɗanda yake buƙata. Sannan shugaban magina ya tattara rahotannin ya fitar da jeri. Daga nan a fara fassara. Manyan tafintocin uku sun karɓi fasalin, CMake 3.28 ya fara tallafa wa tsarin a hukumance a Disambar 2023, GCC 14 kuma ya fito da shi a 2024. Shekaru uku ke nan bayan ƙa'idar kafin kayan aiki su daidaita.

Me ya haɗa wannan da ƙuri'a?

Idan jerin ya yi giɓi, shugaban magina na iya ɗaukar tsohon ƙunshi ya haɗa da sabon rubutu. Ginin zai kammala, manhajar za ta tashi, amma ba za ta zama daidai da rubutun da aka nuna wa masu bincike ba. Wannan kuskure ne kawai. Akwai kuma masu shiga ta wannan ƙofa da gangan.

Tun 1984 Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Unix, ya nuna cewa ana iya gurɓata tafinta ya riƙa cusa ɓoyayyar ƙofa a manhajar da rubutunta ke da tsabta. A 2020 aka gano cewa maharan da suka kutsa kamfanin SolarWinds na Amurka sun shiga ta wurin ginin manhajarsa ce, kimanin abokan ciniki 18,000 suka sauke gurɓataccen zubi, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. A Maris ɗin 2024 injiniya Andres Freund ya gano wata ƙofar da aka ɓoye a xz, ƙaramar manhajar da tsarin Linux ke dogaro da ita, kuma ta matakan gini aka shigar da ita.

A gida ma an ɗanɗana abin da ke faruwa idan sashe ɗaya ya dogara da zaton da wani sashe bai cika ba. A ranar 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa shafin IReV a kan lokaci, alhali na 'yan majalisa na hawa. Rahoton da INEC ta fitar daga baya ya ce tsarin na jera sakamako ne bisa jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi. Ba matsalar tafinta ba ce, amma dangin juna ne, kuma amanar da ta zube a ranar har yau ba ta gama dawowa ba.

Abin da ya kamata a nema

Bayan harin SolarWinds, fadar shugaban Amurka ta fitar da umarni mai lamba 14028 a Mayun 2021, wanda ya sa batun jerin kayan haɗin manhaja cikin sharuɗɗan sayen gwamnati, kamar yadda ake rubuta sinadarai a jikin kwalin magani. Masu Debian kuma sun shafe shekaru suna aikin tabbatar da cewa duk wanda ya sake gina manhaja daga rubutu ɗaya zai samu sakamako iri ɗaya, ba ragi ba ƙari. Dukansu biyun ba sa yiwuwa sai jerin dogaro ya cika.

Duk ranar da aka sake kawo batun na'urar zaɓe, ko manhajar biyan albashi, ko rajistar manoman da za a ba taki, matashin Ikara ko Hunkuyi na da tambayoyi uku da zai aika wa wakilinsa a majalisar dokoki. Shin kwangilar ta tilasta wa kamfani miƙa rubutun asali da jerin kayan haɗinsa? Shin an bai wa masana masu zaman kansu, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, damar sake ginawa su gwada da abin da ke cikin na'ura? Kuma wa ke da izinin sauya manhajar bayan an duba ta? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 an yi ta ne domin irin waɗannan tambayoyi.