Yaron da Gida Ya Rasa Inda Zai Ajiye Shi

A watan Satumba na 2020 wani marubuci Ba'amurke, Aiden Thomas, ya fitar da littafin Cemetery Boys, kuma bai daɗe a kasuwa ba ya shiga jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times. Labarin wani matashi ne mai suna Yadriel, ɗan shekara 16, wanda danginsa ke zaune a wata maƙabarta a gabashin Los Angeles, suna da gadon hulɗa da ruhohin matattu. A gidansu aiki a rabe yake: maza ke sallamar fatalwa zuwa lahira, mata ke warkar da marasa lafiya. Mace aka haifi Yadriel, amma shi namiji yake jin kansa, don haka mahaifinsa, wanda shi ne shugaban dangi, ya hana a yi masa bikin shiga sahun maza. Yaro ya yi bikinsa a ɓoye da taimakon 'yar uwarsa Maritza, ya kira ruhu don ya nuna ya isa, sai wanda bai nufa ba ya amsa kiran.

Shekara guda kafin nan, a 2019, Akwaeke Emezi, haihuwar Umuahia a kudancin Najeriya, ya zo wa matasa da Pet. A nan babu rigimar gida ko kaɗan. Tun jarumar littafin, Jam, na shekara uku ta ce wa iyayenta ita mace ce ba namiji ba, suka karɓa, aka wuce wurin. Abin tsoron yana wani waje: wata halitta ta fito daga zanen mahaifiyar Jam tana farautar dodo, dodon kuwa ashe wani mutum ne mai daraja a gari da ke lalata da ƙaramin yaro a cikin danginsa. Littafin ya kai zagayen ƙarshe na babbar gasar littattafai ta ƙasar Amurka a rukunin matasa.

Irin waɗannan ƙagaggun labarai na aljanu da tsafi, masu jarumai daga cikin waɗanda kafafen labarai ke kira masu sauya jinsi, sun zama reshe guda a adabin matasa na Turai da Amurka. Da Ingilishi aka rubuta su, ɗalibi a Agye ko Gazawa kuwa da Faransanci ya saba karatu, amma wayar hannu ba ta tambayar harshe. Muhawarar sauya jinsi tana iso shi ta TikTok da Facebook, galibi a gutsure, cikin zagi ko ba'a. Wanda ya karanta littattafan zai ga cewa tsafin ado ne kawai. Tambayar da ke ƙasa ita ce: idan ɗa ya fito ba yadda gida ya zata ba, har yanzu ɗan gidan ne?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi.

Tatsuniyoyin da kakanni ke yi da dare cike suke da rikiɗa. Dodo kan zama kyakkyawan saurayi ya auri yarinya mai ruwan ido. Ta-kitse kuwa daga kitsen bijimi ta fito, ta zama matar sarki, kuma rayuwarta duka ta rataya ne a kan mutanen gida su yarda cewa jikinta ba irin na kowa ba ne, kada a kai ta kusa da wuta. Kishiyoyi suka ƙi yarda, ta narke. Mai hankali ya san ba kitse ake nufi ba.

Sai bori. A Tibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, inda Gobirawa suka kafa sabuwar fadarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Inna ce ke shugabantar 'yan bori, kamar yadda Iya take a fadar Maraɗi. Wata Bafaranshiya mai bincike, Jacqueline Nicolas, ta zauna a kwarin Maraɗi ta rubuta littafi a 1967 kan matan da iskoki ke hawa, waɗanda ake kira goɗiyoyi. Idan iskan da ake kira Ɗan Galadima ya hau mace, sai ta sa babbar riga da rawani, ta yi taƙama irin ta ɗan sarki, tana rabon kuɗi, jama'a na gaishe ta da gaisuwar namiji. Da iskan ya sauka ta koma matar wane, uwar wane. Wannan ba sauya jinsi ba ne, kuma malamai sun daɗe suna yaƙar bori a matsayin shirka. Abin lura kawai shi ne al'ummar ta taɓa ware fili, mai iyaka da ƙa'ida, inda ake ƙetare layin da ke tsakanin maza da mata ba tare da an kori kowa daga gida ba. Hasali ma dangi ne ke haɗa kuɗin girka.

Masu bincike da dama suna danganta 'yan daudu da wannan Ɗan Galadima, tunda Daudu kirarin Galadima ne. Kowa ya san su a tasha da kasuwa, suna tuƙa tuwo, suna soya kaji, suna rangwaɗa da habaici, suna ce wa juna "ke" da "ƙawata". Rudolf Gaudio, wanda ya fara zama da su a Kano a farkon shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Abin da ya gano ya saɓa wa zaton Bature da na Bahaushe duka. Yawancin 'yan daudu ba sa cewa su mata ne. Maza suke ɗaukar kansu, Musulmi, da yawa suna aure suna haihuwa, wasu sun yi aikin abinci a Saudiyya sun dawo da sunan Alhaji. Saboda haka ɗora musu sunan da aka ƙera don Yadriel ko Jam kuskure ne. Inda suka haɗu da jaruman littattafan shi ne batun gida. Da yawansu daga ƙauye suka fito bayan duka da gori, suka sami wani babban ɗan daudu da suke kira uwa, ya koya musu sana'a, ya ba su wurin kwana. Kuɗin da suke aikawa gida kuwa ba kasafai ake mayar da shi ba, ko da an ƙi ambaton sana'ar da ta kawo shi.

Filin ya ƙuntata tun daga 2000. A Nuwamban shekarar, zanga-zangar ƙin bikin nuna kayan ado na FIMA ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da na 'yan bori. A shekarar ce Kano ta fara aiki da shari'a, a Agustan 2007 aka kama maza 18 a Bauchi kan zargin shigar mata, a Janairun 2014 kuma Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi. A Nijar, Shugaba Bazoum ya bayyana a farkon 2023 cewa za a sa hukunci a kan luwaɗi cikin sabon kundin hukunta laifuka. A fim kuwa ɗan daudu abin dariya ne, kamar yadda marigayi Rabilu Musa ya fito a Ibro Ɗan Daudu. An yi dariya sosai, amma ba a nuna mahaifiyarsa tana jiran saƙonsa a ƙauye ba.

Matsayin addini sananne ne: hadisin Ibn Abbas a Bukhari ya la'anci namiji mai kwaikwayon mata da mace mai kwaikwayon maza. Sai dai malaman da suka yi sharhi ba su dunƙule komai wuri guda ba. Imam Nawawi ya raba wanda aka halitta da laushin murya da tafiya, wanda ya ce ba shi da laifi, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Mata-maza kuma, wato wanda aka haifa da halittar da ba ta fito fili ba, batu ne na daban da likita da alƙali ke dubawa. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Tibiri da Maraɗi, da hukuncinsa ya rufe: idan an kasa tantancewa, a ba shi rabin kason namiji da rabin na mace a gado. Wato fiƙihun Malikiyya ya lissafa shi cikin magada tun ƙarni na 14, alhali har yau akwai gidajen da ke ɓoye irin wannan jariri maimakon su kai shi asibitin Maraɗi a duba shi.