Baƙo da Zullumin Masu Gida

Shekaru fiye da goma ke nan kamfanin Ipsos, wanda hedikwatarsa ke birnin Paris, yake aika tambaya kowane wata zuwa ga mutanen ƙasashe wajen talatin, watau ko suna ganin ƙasarsu ta kama hanyar ƙwarai ko kuwa ta saki hanya. Sa'an nan ya jera musu mas'aloli, irin su tsadar kaya da rashin aikin yi da cin hanci da ta'addanci da shigowar baƙi, ya ce kowa ya zaɓi uku da suka fi hana shi barci. Amsar da ke fitowa, in an haɗa ƙasashen jimla, ba ta cika sauyawa ba: galibin jama'a cewa suke yi an saki hanya. Mutanen Singafo da Indunusiya da Indiya su ne sukan nuna kyakkyawan zato ga makomarsu, alhali kuwa na Faransa da Peru da Afirka ta Kudu sun daɗe cikin masu yanke ƙauna. Sai dai a lura cewa mafi yawan tambayoyin nan ta intanet ake yin su, saboda haka a ƙasashen da talaka bai mallaki wannan hanya ba, muryar mutumin birni mai ilmin boko ita ake ji.

Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi nazari a kansa shi ne yadda mas'alar baƙi take hawa da sauka a cikin wannan lissafi. Ta hau a Jamus bayan shekarar 2015, lokacin da masu neman mafaka kimanin 890,000 suka shiga ƙasar, akasarinsu daga Siriya da Iraƙi da Afganistan. Ta hau a Turkiyya, wadda ta sauke 'yan Siriya fiye da miliyan uku da rabi, ta kuma hau a Chile sa'ad da mutanen Venezuela suka watsu cikin Kudancin Amurka. A irin waɗannan wurare ba adalci ba ne a ce kukan masu gida duk ƙiyayya ce, domin garin da aka gina makarantunsa da asibitocinsa a kan adadi sananne, in aka wayi gari adadin ya ƙaru farat ɗaya, lalle kuɗin haya zai tashi, layin ganin likita ya yi tsawo, kuma talakan garin, ba attajirinsa ba, shi zai fara ɗanɗana ƙuncin.

Amma fa akwai wata hujja da ke nuna cewa tsoron nan ba kullum yake bin ƙididdiga ba. A shekarar 2014 kamfanin ya nemi mutane su kintaci yawan baƙin da ke ƙasarsu. Mutanen Italiya suka ce kashi 30 cikin ɗari, alhali haƙiƙanin adadin bai wuce kashi 7 ba. Amurkawa suka ce 32, gaskiyar kuwa 13. Na Birtaniya suka ce 24, nan ma gaskiyar 13. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2020 waɗanda ke zaune a ƙasar da ba a nan aka haife su ba mutum miliyan 281 ne, watau ba su kai kashi 4 cikin ɗari na 'yan Adam ba. Tsakanin zato da yaƙini akwai tazara mai nisa, kuma a cikin wannan tazara 'yan siyasa suke kafa rumfunansu.

Sha'anin Birtaniya ya fi kowanne ban mamaki. A watan Yuni na 2016 mutanenta suka jefa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai da rinjayen kusan kashi 52, kuma batun baƙi yana cikin manyan dalilansu. Da aka gama, sai damuwar ta lafa shekaru da dama, sabili da jama'a sun sakankance cewa ragamar iyakarsu ta dawo hannunsu. Bayan haka baƙi suka shigo da izinin hukuma fiye da kowane zamani, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, 'yan Nijeriya masu yawa a cikinsu, har rarar masu shiga a kan masu fita ta kai wajen dubu ɗari tara a shekara guda. Duk da haka, abin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne mutum wajen 45,000 da suka haye mashigin teku daga Faransa a 2022, a cunkushe cikin jiragen roba, sanye da rigunan ceto masu ruwan lemo, ana nuna su a talabijin suna sauka a gaɓar Dover. A ganina abin da ya sosa musu rai shi ne shaidar ido cewa hukuma ta gaza tsare ƙofa. Wanda kuwa ya riga ya ɗebe amana daga shugabanninsa saboda tsada da ƙarancin gidaje, da wuya ya ga irin wannan hoto bai ɗora masa dukan baƙin cikinsa ba. An bar jaki ana dukan taiki, domin hauhawar farashi ba ta da fuskar da za a nuna da yatsa, baƙo kuwa ga shi nan a bakin kasuwa.

Mu kanmu mutanen Afirka ta Yamma, ya kamata mu faɗa da kunya, mun san wannan fitina ta fuska biyu. A watan Nuwamba na 1969, bayan darajar koko ta faɗi aikin yi ya yi wuya a Ghana, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya fice. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da suka shekara aru-aru a zangunan Kumasi da Accra suna fataucin goro da shanu, waɗansunsu ma can aka yanke cibiyarsu, suka karyar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba.

Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka sai reshe ya juya da mujiya. Kuɗin man fetur ya karye, baitulmalin Nijeriya ya yi ƙasa, zaɓe kuma ya ƙarato. Ranar 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda irin wancan wa'adi. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Malaman makaranta da magina da masu gyaran takalma suka cusa abin da suka mallaka cikin jakunkunan leda masu zane ja da shuɗi, waɗanda har yau da sunan wannan kora ake kiran su a kasuwanninmu, suka yi kwanaki a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme cikin yunwa da ƙishirwa, waɗansu ma ajalinsu ya riske su a hanya.

Korar baƙi ba ta tayar da darajar koko ba, ba ta kuma tayar da ta mai ba. Soja suka kifar da Busia a watan Janairu na 1972, suka kifar da Shagari a ranar ƙarshe ta 1983, kuma gwamnatin da ta gaje shi, da ta ga har yanzu talakawa na kukan an saki hanya, sai ta sake korar baƙi dubbai ɗaruruwa a 1985.