Kuskuren Zaman Shari'a da Ƙa'idar Ɗaukaka Ƙara

Jama'ar Gwadangaji, da ma sauran ƙasar Gwandu da Argungu, sun saba ɗauka cewa idan alƙali ya yanke hukunci a kan laifi, sai mai laifi ya rungumi ƙaddara, danginsa su koma gida suna addu'a. Alhali shari'a, ta Musulunci ko ta majistare, tana da ladubba waɗanda idan aka tsallake su hukuncin yana iya rushewa, ko da shaidu sun cika ɗakin.

Tun a zamanin Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya wallafa Liya'ul Hukkam, malamai ke tsawatarwa a kan ladubban alƙalanci. Daga cikinsu akwai i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda ake ƙara, a gaban shaidu, ko yana da sauran hujja kafin a rufe magana. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya wajabta a bayyana wa mutum tuhumarsa filla-filla da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, a bar shi ya nemi lauya.

Shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu ta isa misali. A Oktoban 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin rajamu, amma ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke shi, saboda abin da ake tuhumarta da shi ya auku kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a fahimtar da ita ma'anar tuhumar yadda ya kamata ba. Haka aka yi da Amina Lawal a Katsina a Satumban 2003, inda aka tarar alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai, ba tare da mambobi biyun da doka ta shar'anta ba, sannan aka hana ta janye iƙirarinta.

Abin da jama'a suka fi jahilta shi ne, kotun sama ba ta cika sake kiran shaidu ba. Kundin da aka rubuta a kotun ƙasa take buɗewa, ta bi shi shafi-shafi, don haka wanda ya ga tafinta ya karkace, ko aka hana shi tambayar mai shaida, amma kwarjinin wuri ya sa ya sunkuyar da kai yana cewa "Allah ya gafarta Malam", bai roƙi a rubuta ƙorafinsa ba, zai sha wahalar tabbatar da shi daga baya. Lalle ladabi abin so ne, amma bai hana mutum neman haƙƙinsa ba.

Sai kuma wa'adi. Daga Babbar Kotun Jiha zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda reshenta na Sakkwato ke sauraron ƙararrakin Kabi, kwana 90 ne a shari'ar laifi. Daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da uzuri karɓaɓɓe. Marar hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa a 1976, ya kuma karɓi kwafin hukunci daga rajistara tun da wuri. Kada dangi su ɗauka soke hukunci sallama ce, domin sau da yawa umarni ake bayarwa a sake shari'ar daga farko a gaban wani alƙali, wanda ake tuhuma kuwa yana iya ci gaba da zama a tsare.