Amanar Tarbiyya da Wayar Hannu a Unguwar Lalle

Duk wanda ya san Unguwar Lalle, a ƙasar Sabon Birnin Gobir, ya san cewa majigin yara a wannan zamani ba a dandali yake ba, a tafin hannu yake, domin wayar da mahaifi ya ajiye bayan sallar isha'i ita ce ke kawo musu wa'azin malamai da fina-finan Indiya, ta kuma kawo alfashar da hankali ba ya ɗauka. Alhali kuwa kamfanonin intanet sun tanadi makulli, illa dai galibin iyaye ba su da labarinsa. Tun 2015 aka fito da YouTube Kids, mai tace abin da ya dace da shekarun yaro, sannan a 2017 Google ya kawo Family Link, wanda da shi uba zai ƙayyade sa'o'in kallo, ya hana sauke manhaja sai da izninsa. Netflix ma, ga mai halin biya, yana karɓar lambar sirri.

Amma fa makullin nan bai kai ga katin memori ba, wanda masu tura fina-finai ke cikawa a kasuwa ba tare da intanet ba, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, hukuncinta bai ƙetare jiharta ba, balle ya kai Unguwar Lalle. Saboda haka wajibi ne magidanci ya nemi wanda ya iya ya saita masa wayar, ya ɓoye lambar sirrin, sa'an nan ya riƙa duba katin da kansa.