Yadda Ake Gyara Tsagaggen Dashbod a Tsohuwar Mota Mai Ɗaki

A Amurka da Turai akwai manyan motocin yawon buɗe ido masu gado da madafa a ciki. Idan suka kwana biyu, dashbod ne kan fara nuna tsufa. Faffaɗan gilashin gaba yana tara masa zafin rana, robar ta bushe ta yi tauri, girgizar hanya kuma ta tsaga ta.

Gyaran na son haƙuri. Da farko a huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar, don kada ta ci gaba da tafiya. A wanke wurin tas, a ɗan faɗaɗa bakin tsagar kamar kwari.

Sau da yawa irin wannan dashbod da robar ABS ake yin sa, wadda sinadarin asiton ke narkarwa. A jiƙa gutsattsarin ABS a asiton har su zama kamar kunu mai kauri, a cike tsagar, a manna ragar faibagilas ta baya don ƙarin ƙarfi. Idan ya bushe, a goge da samfefa, a fesa fenti.

Asiton na saurin kama wuta, don haka a buɗe tagogi, a nisanci sigari. Bayan gyara, a riƙa rufe gilashin duk lokacin da aka ajiye motar a rana. Rigakafi ya fi magani.