Yaya na'urar bin diddigin mota ke gane an toshe ta?

Tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Lome, su bi ta Zongo zuwa Cinkassé, da dama na da na'urar bin diddigi. Ɓarayi kan kurmantar da ita da ɗan abin da ke watsa hayaniyar rediyo.

Siginar GPS da na'urar ke dogara da ita a raunane take isowa, daga nisan kilomita kusan 20,000. Idan gini ya tare ta, takan ragu ko ma ta ɗauke, ba tare da hayaniya ta ƙaru ba. Amma in ta ɗauke baki ɗaya, hayaniya ta ƙaru, mota kuma na gudu, to da alama da hannun mutum. Nan take na'urar za ta aika gargaɗi ta layin waya. In layin waya ma ya toshe, shirunta ne zai ankarar da kamfanin da ke bin diddigin motar.

Ba kowace na'ura ke da wannan ba. Mai mota, ka tambaya kafin ka saya.