Bin sawun giwar teku a Tekun Kudu

Bin sawun giwar teku wani fannin bincike ne da masana halittun ruwa ke amfani da shi don gano inda wannan dabba ke samun abincinta a tekun da ya kewaye nahiyar Antaktika. Ana manna wa dabbar ƙaramar na'ura a ka lokacin da take kan tudu, na'urar kuma ta riƙa aiko da bayanai ta tauraron ɗan'adam tsawon watannin da za ta yi a ruwa. Da yake babu mai iya bin ta zuwa zurfin da take kiwo, kusan duk abin da aka sani game da cin abincinta daga alamu aka gano shi: hanyar da ta bi, yadda take nutso, da yadda nauyin jikinta ke sauyawa a cikin ruwa.

Dabbar

Giwar teku ta kudu, wadda sunanta na kimiyya shi ne Mirounga leonina, dabba ce mai shayarwa daga dangin da Turawa ke kira sil, kuma ita ce mafi girma a cikinsu. Sunan ya samo asali ne daga hancin namijin, wanda ke tsawo ya lanƙwaso kamar hannun giwa. A Faransanci ma ma'anar sunanta ke nan, giwar teku. Ba ta da alaƙa da giwan ruwa, kifin da ake kamawa a Tafkin Chadi da Kainji, kuma ba ayu ba ce, duk da sun ɗan yi kama a siffa: ayu ciyawa yake ci, ita kuwa mafarauciya ce.

Babban toro kan kai tan uku zuwa huɗu, mace kuma tsakanin kilo 400 da 900. Manyan wuraren haihuwarsu su ne tsibirin Jojiya ta Kudu, wanda ya fi kowanne yawan su, da tsibiran Kerguelen da Heard a kudancin Tekun Indiya, da Macquarie a kudu da Ostareliya, da gaɓar Valdés a Ajantina. An daɗe ana kashe su don man jikinsu. A Jojiya ta Kudu sai a 1964 aka daina.

Sau biyu suke hawa tudu a shekara. Na farko tsakanin Satumba da Nuwamba, lokacin haihuwa da barbara. Uwa takan shayar da ɗanta kusan kwana 23 ba tare da ta ci komai ba, har ta rasa kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Daga nan ta koma ruwa wata biyu zuwa uku, sannan ta dawo ta yi saɓa, wato ta zubar da gashinta tare da saman fatarta. Bayan saɓar ne take doguwar tafiya ta kusan wata takwas, tana ɗauke da sabon ciki. Kitsen da ta tara a wannan tafiya shi ne nonon ɗan da za ta haifa, shi ya sa sanin wurin kiwonta yake da muhimmanci.

A teku, kusan kashi 90 cikin ɗari na lokacinta a ƙarƙashin ruwa take. Nutso ɗaya kan ɗauki minti 20 zuwa 30, zurfin mita 400 zuwa 1,000, sai ta fito ta yi numfashi minti biyu ko uku ta koma, dare da rana. An taɓa auna nutson da ya wuce mita 2,000, da wanda ya kai kusan awa biyu. Abincinta ya fi yawa daga ƙananan kifaye masu fitar da haske da ke zaune a tsakiyar zurfi, da sukwid, dabbar nan mai laushin jiki da hannuwa goma.

Tarihin na'urorin

A shekarun 1960 Gerald Kooyman ya haɗa na'urar farko mai rubuta zurfi da tsawon nutso, ya gwada ta a kan sil ɗin Weddell kusa da sansanin McMurdo a Antaktika. A cikin kayan da ya haɗa ta da su har da agogon girki. Matsalar irin wannan na'ura ita ce sai an sake kama dabbar kafin a karanta abin da ta rubuta, kuma ba ta faɗin wurin da aka yi nutson. A shekarun 1980 Burney Le Boeuf da abokan aikinsa a Kalifoniya sun yi amfani da irinta a kan giwar teku ta arewa, suka gano cewa dabbar ba ta dakatar da nutso.

Abin da ya sauya aikin shi ne tsarin Argos, wanda Faransa da Amurka suka kafa a 1978. A farkon shekarun 1990 masu bincike na Sashen Nazarin Dabbobin Teku Masu Shayarwa na Birtaniya suka bi wasu mata daga Jojiya ta Kudu ta wannan tsari, suka ga sun yi tafiyar sama da kilomita 2,000 zuwa gaɓar Antaktika. Wannan sashe, wanda yanzu yake Jami'ar St Andrews a Sukotilan, shi ne ke ƙera na'urar da aka fi amfani da ita a yau.

Yadda ake aikin

Ana jira dabbar ta gama saɓa, domin idan aka manna na'ura a kan tsohon gashi za ta faɗi cikin kwanaki. Sai a yi mata allurar sa barci, a auna tsawonta da nauyinta, a goge gashin kanta, a manna na'urar da gam mai ƙarfi. Kai aka zaɓa saboda shi ne ke fitowa sama idan ta zo numfashi. Nauyin na'urar ya ɗan haura rabin kilo, kuma takan faɗi da kanta a saɓa ta gaba.

Saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri, don haka na'urar tana da ɗan abin da ke gane cewa ta fito sarari, sai ta aika cikin mintunan nan biyu ko uku. Taurarin Argos suna lissafa wurin ne daga yadda sautin saƙon ke sauyawa yayin da tauraron ke wucewa, kamar yadda jiniyar mota ke sauya amo idan ta gifta mutum. Kuskuren lissafin kan kama daga 'yan ɗaruruwan mita zuwa kilomitoci da dama. Saƙon kuma gajere ne ƙwarai, saboda haka na'urar kan taƙaita kowane nutso zuwa 'yan maki kaɗan kafin ta aika. Cikakken bayani sai idan an ci sa'a dabbar ta dawo da na'urar an cire.

Gane wurin kiwo

Taswirar tafiya kaɗai ba ta nuna inda aka ci abinci. Hanya ta farko da aka bi ita ce duba saurin tafiya: inda dabbar ta miƙe tana cin kilomitoci da yawa a rana, wucewa take, inda ta rage sauri tana kai-kawo a wuri ɗaya, ana ɗauka ta samu abinci. Wannan zato yana da rauni, domin giwar teku kan ci a kan hanya, kuma igiyar ruwa na iya sa mai saurin iyo ta zama kamar a tsaye take.

Hanya ta biyu ta fi wayo. A cikin nutson da take yi a rana akwai 'yan kaɗan da takan daina iyo, ta saki jiki ruwa ya ɗauke ta, mai yiwuwa don hutu ko narkar da abinci. Kitse ya fi ruwan teku rashin nauyi, tsoka da ƙashi kuma sun fi shi nauyi. Saboda haka ramammiyar dabba takan nutse da sauri idan ta saki jiki, wadda ta fara ƙiba ta nutse a hankali, wadda ta yi ƙiba sosai ma ta riƙa tasowa sama. Idan aka jera saurin wannan nutsewa rana bayan rana, za a ga a wane yanki ne kitsen ya ƙaru, ba tare da an ɗora dabbar a ma'auni ba. Martin Biuw da abokan aikinsa sun yi amfani da wannan dabara a binciken da suka wallafa a 2007, wanda ya haɗa dabbobi daga Jojiya ta Kudu, Kerguelen, Macquarie da tsibiran Shetland ta Kudu. Dabarar ba ta nuna cin abinci na awa ɗaya, sai dai ribar kwanaki.

Don ganin farautar kanta, an ƙara na'urar auna motsi, irin wadda ke juya hoton wayar hannu. Duk lokacin da dabbar ta fizgi kai ko ta buɗe baki don cafke wani abu, na'urar na rubutawa. Ba ta bambance wanda aka kama da wanda ya kuɓuce, shi ya sa masana ke kiransa yunƙurin kamu. A Kerguelen an kuma sa na'urar auna haske, wadda ta riƙa ganin walƙiyar halittu masu haske a zurfin da rana ba ta kaiwa.

Abin da aka gano

Maza da mata ba wuri ɗaya suke kiwo ba. Mata sun fi bin buɗaɗɗen teku, musamman iyakokin da ruwan sanyi na kudu ke haɗuwa da mai ɗan ɗumi na arewa, da kuma bakin ƙanƙarar teku, suna ja da baya zuwa arewa yayin da ƙanƙarar ke faɗaɗa da hunturu. Maza da yawa kan tsaya a kan tudun ƙarƙashin ruwa na Kerguelen ko na gaɓar Antaktika suna nutso har ƙasa, wasu ma su zauna cikin ƙanƙarar, suna numfashi a tsagogi da tafkunan da iska ke buɗewa a tsakiyarta. Da rana nutson ya fi zurfi, da dare ya ragu, saboda kifayen da suke bi suna tasowa sama idan duhu ya yi. An kuma lura cewa dabba ɗaya kan koma yanki ɗaya shekara bayan shekara.

A 2020 an wallafa wani babban nazari a mujallar Nature da ya tattara tafiyar dabbobi sama da 4,000 na jinsi 17 na tsuntsaye da masu shayarwa, ciki har da giwar teku, don fitar da yankunan Tekun Kudu da suka fi cancantar kariya daga kamun kifi.

Amfani ga ilimin teku

Tun daga 2004 yawancin na'urorin suna auna zafin ruwa da gishirinsa a kowane zurfi. An sa su ne don fahimtar muhallin dabbar, amma masana teku suka fi kowa murna. Da hunturu jiragen bincike ba sa iya shiga ƙanƙarar Antaktika, kuma tulunan awo na shirin Argo, wanda sunansa ke rikita mutane da Argos, suna shan wahalar fitowa sama a ƙarƙashinta. Giwar teku kuwa can ne wurin kiwonta. Haɗakar ƙasa da ƙasa mai suna MEOP, wadda ta taso a Shekarar Binciken Dorayen Duniya ta 2007 zuwa 2008, ta tara awo sama da 500,000 daga dabbobin teku, kuma kowa na iya saukar da su kyauta. A 2013 masana daga Japan da Ostareliya sun yi amfani da irin wannan bayani wajen tabbatar da cewa gaɓar Cape Darnley wuri ne na huɗu da ake samar da ruwan nan mai tsananin sanyi da gishiri da ke gangarawa ƙasan tekunan duniya.

Iyakoki

Dabbar ce ke zaɓar inda za ta, saboda haka wuraren da ba ta son zuwa babu awo a kansu. Na'urori suna da tsada, kai mutane tsibiran nan ma haka, don haka 'yan dabbobi kaɗan ake bi a shekara, yawancinsu manyan mata da samarin maza, domin manyan toraye sun fi wuyar kamawa. Gishirin da na'urar ke aunawa kan kauce kaɗan da tsawon lokaci, sai an gyara shi da awon jiragen ruwa. Kama dabbobin kuma yana buƙatar izini da amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi.

Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ƙara wahalar aikin. A Oktoban 2023 ta kashe jarirai kimanin 17,000 a gaɓar Valdés, kusan duk waɗanda aka haifa a wuraren da aka ƙirga, ta kuma isa Jojiya ta Kudu a ƙarshen shekarar, inda hukumomin tsibirin suka rufe wasu gaɓoɓi ga baƙi.